Ambulan Mai Taga

Ranar Talata ta iso, ambulan mai 'yar taga,
sunan Arvid na leƙowa ta ciki kamar ɗaurarre.
Dala dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu da sittin.
Na karanta a tsaye, na karanta a zaune,
ko sisi bai ragu ba.

Shekara goma sha tara yana walda
a tashar jiragen ruwa ta Duluth,
kowane wata kamfanin inshora na yankar rabonsa
tun albashi bai ga ƙofar gidanmu ba.
Ba su taɓa makara ba, ko sau ɗaya.
Sai da matsarmamarsa ta kumbura da tsakar dare,
dusar ƙanƙara ta shafe titi,
na tuƙa shi yana cizon hannun rigarsa,
sannan suka koyi jan ƙafa.

Wai asibitin nasu ne, mai fiɗar ma nasu ne,
amma wanda ya yi masa allurar barci
ba ya cikin jerinsu.
To, mutum na kwance, riga buɗe ta baya,
ciwo na murɗa shi kamar wanki,
sai ya ɗago kai ya ce:
Dakata, bawan Allah, kai na wane kamfani ne?

Na kira. Danna ɗaya. Danna huɗu. Dakata.
Suka sa mini kiɗa mai sanyi,
irin wanda ake sa wa wanda ba a da niyyar amsa wa.
Minti arba'in da bakwai,
waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa,
na fere dankali, na dafa, ya huce.
Corinne ta ce asibiti zan nema.
Asibiti suka ce ai Corinne ce.
Wani Desmond ya ce yana jin zafin da nake ji,
layin ya yanke.

Littafin girkin da uwata ta bar mini
na juya ta baya na mai da shi rajista:
rana, sa'a, sunan wanda ya ɗauka,
lambar da ya ba ni, alkawarin da ya yi.
Daga gaba miyar kifi, daga baya ƙarya.
Shafi shida ya rage su haɗu a tsakiya.

Duk wannan bai karya ni ba.
Abin da ya karya ni daren Lahadi ne,
da na same shi a kicin, fitila kashe,
yana shafa ɗinkin cikinsa da babban yatsa.
Ya ce, "Marlys, da na daure zuwa safiya,
wataƙila da nasu likitan ne a bakin aiki."
Mutumin da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe cikin sanyin Janairu
yana ba ni haƙuri don bai mutu da arha ba.

A daren na rubuta ƙorafi, shafi uku.
Na sa lambar kati, na sa takardar sallama,
na ja layi ƙarƙashin kalmar gaggawa
har biro ya huda takarda.
Da safe na kai gidan waya,
na biya kuɗin a sa hannu in ta isa,
don kada gobe a ce iska ta ɗauke.

Kwana talatin, in ji su. Yau ashirin da shida.
Wata ambulan ta zo, wannan da jan rubutu,
na danne ta da kwalbar sukari.
Tafki ya daskare, jirage sun kwanta,
Arvid ya koma aiki yana tafiya a karkace.

Gobe ƙarfe takwas zan sake dannawa, ɗaya, huɗu,
shayi a gefe, biro a hannu.
Su sa kiɗansu, na haddace shi.
Mu ba mu ci bashin kowa ba.
Su ne suka ci namu, wata bayan wata,
kuma na san adireshinsu.